Ranar da Ƙorama Ta Ci Rufewar Kawu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har akwai waɗanda ni na roƙi Allah ya mantar da ni su, ya kuwa amsa. Amma abin da ya faru a gidan kawuna a wata damina, cikin shekarun wahalar nan na fari, ba zai bar kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Yanzu gemuna ya yi fari fat, kawun ya daɗe da rasuwa, amma duk sa'ad da na tuna sai in ji raina ya ɓaci sabo fil, kamar jiya aka yi.

Sai na fara gaya muku yadda danginmu suke. Kakannina na wajen uwa Maguzawa ne, manoma, a wani ƙauye gefen Karare ta ƙasar Batsari. Da zamani ya juya sai gidan ya kasu biyu. Mahaifiyata ta musulunta, ta yi aure a Safana, can aka haife ni, can na yi karatun allo na koyi ajami, na tashi ina ɗinki a bakin kasuwa. Wanta kuwa, wato kawun nawa, ya bi masu bishara tun yana saurayi, ya zauna ƙauye yana nomansa. Wannan bai taɓa raba zumuncinmu ba. Da babbar salla mu kai musu nama, da kirsimeti su aiko mana da kaji da ransu mu yanka da kanmu. Babban ɗansa taubashina ne, tare muka yi ƙuruciya, ba ya kirana da komai sai "bawana".

Waɗanda suka ga shekarun nan sun san abin da nake nufi. Ruwa ya riƙa ɗaukewa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, shanu suka zube, mata suna tonon gidan tururuwa neman tsaba. Cikin wannan hali matar kawu ta rasu. Ciwon ba wani babba ba ne, jikin ne ya daɗe bai ƙoshi ba. Sata kuma ta yawaita. Shi ya sa da Allah ya kawo shekara mai ɗan dama-dama, kawu ya ƙi zuba hatsinsa a tsofaffin rumbunan kara da ke kan tudu a ƙofar gida. Ya gina rufewa, wato rumbun ƙasa, a bayan ɗakinsa, inda zai ji motsin ɓarawo. Bayan ɗakin nan kuwa gangare ne har zuwa ƙorama. Ba wanda ya ga laifin wurin, don ƙoramar ta yi shekaru ba ta cika ba, yara ma cikinta suke langa.

To, daminar da ta biyo baya sai ruwa ya dawo da ƙarfinsa.

Wata ranar kasuwa matar taubashina ta aiko mini da saƙo ta bakin wata mai daddawa. Wai in zo maza, ƙorama tana cin gaɓa ta kusa kai wa rufewa, mai gida kuma ya rantse ba za a taɓa ta ba.

Wanda bai san gandu ba zai ce, to su kwashe hatsin mana, me ake jira? A gidan gandu ba mai ɗage jinkar rufewa sai da bakin mai gida. Ko babban ɗa ne, ko ya yi aure ya tara 'ya'ya, in ya sa tsani ya shiga ba izini, kamar ya ce wa duniya ubansa ya mutu ne alhali yana zaune. Ita kuwa suruka ko sunan tsohon ba ta faɗa, bare ta tsaya gabansa da magana. Abin da ke cikin rufewar nan kuma shi ne iyakar abin da zai kai gidan zuwa kaka, manya da yara.

Na rufe keken ɗinki, na bi a-kori-kura zuwa Batsari, sauran hanyar na ƙarasa a ƙafa. Kafin in gai da kowa na zaga bayan gida. Gaɓar ta tsage, ƙasa tana zubewa gutsure-gutsure, saiwar wata bagaruwa tana reto a sarari. Tsakanin bakin ramin da duwatsun da rufewa ke zaune a kai, ko tabarma biyu ba za a shimfiɗa ba.

Nan taubashina ya same ni. Bai daɗe da dawowa ba daga makarantar da ake koyar da masu wa'azinsu, har ya fara sa tabarau.

Ya ce, "Bawana, ka zo ka ga ikon Allah."

Na ce, "Ikon Allah na gan shi. Wautarka nake so in ji. Me ka yi wa tsohon?"

Ya ce bai yi komai ba. Da na matsa masa sai labari ya fito. Ashe ranar da gaɓa ta fara zubewa, kawu da bakinsa ya ce da an gama noman maimai a kwashe hatsi a mai da shi tudu. Magana ta ƙare. Da yamma suna zaune sai bakan gizo ya fito. Tsoho ya yi murmushi, ya ce iyayensu a dā tsoron abin nan suke yi, wai shi ke shanye ruwan sama, amma shi yanzu ya san alamar alkawari ce, bayan ruwan Nuhu Ubangiji ya ce ba zai ƙara hallaka duniya da ruwa ba. Maganar tsoho ce mai jin daɗi bayan ya sha fura, ba ta neman amsa. Sai mai tabarau ya gyara zama ya ce, ai Baba an koya musu ba lallai ne ruwan ya rufe duniya duka ba, labarin misali ne da aka ba mutane don su ji tsoron Allah, kamar dai titunan zinariya da ƙofofin lu'ulu'u na birnin sama, su ma misali ne.

Na ce, "Daga nan fa?"

Ya ce, "Daga nan ya ajiye ƙoƙo ya ce in misali ne za mu gani. Ba mai taɓa rufewa."

Na ce, "Don Allah wa ya tambaye ka? Mutum ya ga bakan gizo ya yabi Ubangijinsa, kai kuma sai ka buɗe masa aji?"

Ya ce ai gaskiya ya faɗa. Na bar shi nan na nufi wurin kawu.

Na same shi gindin tsamiya yana tufkar igiya. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan Safana, ni ma na tambayi jiki da gona da haƙurin rashin da aka yi. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan na shigo da dabarata, wadda na ɗauko tun daga cikin mota ina ganin ba ta da makusa.

Na ce, "Kawu, ni fa ina bayanka. A wurinmu ruwan Annabi Nuhu ba misali ba ne. An yi shi, ya rufe duwatsu, jirgin ma na katako ne."

Fuskarsa ta washe. Ya ɗaga murya yadda za a ji shi cikin gida, ya ce, "Kun ji ko? Ɗan Musulmi ya fi ɗan cikina imani!"

Na ce, "Sai dai alkawarin nan da kake faɗi, ai na duniya ne gaba ɗaya. Ba a ce ƙoramar bayan gidanka ba za ta cika ba."

Ya dube ni ya ce, "Rufewata ba cikin duniya take ba?"

Na ce, "Annabi Nuhu da kansa bai zauna kallon hadari ba, kawu. Gatari ya ɗauka ya yi sassaƙa."

Ya ce, "Shi an ce ma shi ya sassaƙa. Ni wa ya ce mani?"

Na ce, "Ƙorama ta ce maka! Zo mu je ka ji ta da kunnenka."

Ya yi dariya. Wallahi na ga alamar ya fara saukowa, don har ya ajiye igiyar yana lalubar sandarsa. Sai ga taubashina ya ɓullo daga zaure, ashe yana laɓe yana ji. Ya ce, "Baba, ka duba fa da hankali. Giwa biyu kaɗai, abin da za su ci kafin ruwan ya janye ya fi rufewar nan goma. Ga zaki ga akuya ɗaki ɗaya. Gara kuma fa? Gara a jirgin katako?"

Kawu ya mayar da sanda ya ɗauki igiyarsa. Ya ce, "Wanda ya hana gara cin ka kana barci shi ya hana ta cin jirgi."

In da ina da abin jifa a hannu a lokacin, da tabarau ɗin nan bai kai kirsimeti ba.

Haka na zauna ƙauyen ina kallon abin takaici. Allah ya ba mu 'yan kwanaki na rana tas, irin waɗanda in an ɗage jinka hatsi ba zai ga ko ɗigon ruwa ba, aikin da hantsi ɗaya ya ishe shi. Aka ɓatar da su a gindin tsamiya. Maƙwabta suka riƙa zuwa, Kirista da Musulmi da ragowar masu tsafi, kowa da tasa. Wani ya ce in ruwa ya rufe duniya to ina ya tafi bayan nan. Wani ya ce shi ne ya koma ƙarƙashin ƙasa, shi muke ja a rijiya. Wani tsoho ya ce kakansa ya taɓa tono ƙashin kifi a kan dutse. Wata rana aka wuni ana gardamar ko akwai sauro cikin jirgin, in kuwa akwai me ya hana a murƙushe shi a huta. Duk wannan, in aka yi shiru kaɗan sai ka ji ƙasa ta faɗa ruwa, tunjum, daga bayan gida. Kowa ya ji, a ci gaba da maganar sauro.

Na gwada wata dabarar. Tunda kawu yana barin a fitar da damin da za a ci, na ce wa matar taubashina duk ranar da aka buɗe a riƙa zaro fiye da na kullum a ɓoye a ɗakinta. Rana ɗaya aka yi. Tsoho ya ƙirga da ido, ya ɗauke tsanin ya kai ɗakinsa ya kwantar bayan gado.

Na koma kan ɗan. Na ja shi cikin gero na ce, "Kai, je ka ce masa ka yi kuskure. Kalma ɗaya ce. In hatsi ya hau tudu sai ku ci gaba har tashin ƙiyama."

Ya ce, "In yi ƙarya a kan maganar Allah?"

Na ce, "'Ya'yanka gaskiyar taka za su ci a watan gobe?"

Ya ce shi aka tura karatu don ya dawo ya koyar da mutane, in ya janye yau saboda tuwo gobe wa zai saurare shi? Na dube shi, na ga ashe kawu ne sak, tabarau kawai ya ƙaru. Ni kuma ga ni a tsakiya, na yarda da tsohon a kan ruwan, na yarda da yaron a kan rufewar, kowannensu yana jin rabin maganata ya yar da rabin.

Ranar da abin ya faru, na idar da sallar azahar ke nan sai hadari ya taso daga gabas, baƙi wuluk. Kafin ruwan ya sauko mana ma ƙorama ta riga ta kawo, don an yi shi can sama. Ruwa ja, yana tafe da karare da rassan itace da wata matacciyar akuya. Gaɓa ta riƙa ɓallewa manya-manya. Ina tsaye na ga ɗaya daga cikin duwatsun gindin rufewa ya gota.

Matar taubashina ta fito da goyo a bayanta, ta durƙusa can nesa ta ba ƙofar ɗakin kawu baya. Da ni take magana, amma da ƙarfi yadda zai ji. Ta ce, "Malam, ka roƙar mana Baba. In an yi laifi ba yaran nan suka yi ba." Tun da aka kawo ta gidan, ran nan ne muryarta ta fara kaiwa kunnensa da gangan.

Kawu ya fito cikin ruwan ba ko malafa. Bai dube ta ba, bai dube ni ba, ɗansa ya nufa. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

Ya ce, "Ka ce zinariyar misali ce. Ƙofofin misali ne. To uwarka ina take? Matar da ta riƙa tauna tafasa tana bar maku tuwo. Tana kwance na riƙe hannunta, na ce mata ta tafi, can ba yunwa, za ta taka zinariya da ƙafafun nan nata masu faso. Ta yarda da ni ta tafi. Yanzu ka je makaranta ka dawo ka ce mani cikin misali na tura ta?"

Duk kwanakin nan muna ta fama da giwa da gara, ba wanda ya san nan ciwon yake. Taubashina ya cire tabarau, ya durƙusa cikin taɓo. Ya ce, "Baba, ban ce ba ta ko'ina ba. Wanda aka nuna wa wurin cikin wahayi bai san abin da ya fi zinariya kyau ba, shi ya sa ya ce zinariya. Abin da nake nufi, inda Inna take ya fi haka."

Kawu ya ce, "Ya fi?"

Ya ce, "Ya fi, Baba."

Tsoho ya share ruwan da ke bin gemunsa. Ya ce, "To mi ya hana ka faɗi haka tun ran nan?"

Taubashina ya buɗe baki zai fara bayani, na san kuwa in ya fara sai la'asar. Na manta da ladabi, na manta kawuna ne, na daka tsawa na ce, "Tsani, kawu! Tsani!"

Ya shiga ya fito da shi. Muka ɗage jinka ruwa yana zuba kai tsaye cikin hatsin. Taubashina ya faɗa ciki yana miƙo dami, ni ina kan tsani ina karɓa, mata da maƙwabta sun yi layi har tudu, hannu zuwa hannu. Masu gardamar sauro duk suna cikin layin, sai yanzu suka san gudu. Ba mu kai rabi ba na ji tsani yana tafiya da ni. Na cafki wuyan rigar taubashina na fizgo shi, muka zube tare a taɓo. Rufewar ba ta yi wata ƙara ba. Ta karkata a hankali kamar raƙumi zai gurfana, ƙasar ta narke, ta tafi. Muna kwance muna kallon dammunan gero suna bin ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da muka fitar ma ya sha ruwa, rana kuma ta ƙi fitowa. Wani ya yi tsiro, wani ya yi fumfuna. Aka sayar da jaki. Aka turo mini yara ƙanana Safana, ni da nake auna tuwon gidana da gwangwani, matata ta riƙa ƙara ruwa a kunu. Waɗanda suka rage a ƙauye suka koma dusa da tafasa da rama, abin da muka ɗauka an yi ban kwana da shi. Matar taubashina nononta ya ƙafe, sai da akuyar maƙwabta aka raini jaririn. Allah ya rufa asiri ba a rasa rai ba har gero ya nuna, amma wahalar da aka sha ba Allah ya aiko ta da fari ba, a gindin tsamiya aka ƙera ta.

Washegarin ranar da rufewa ta tafi, kafin in kama hanya, na je sallama da kawu. Na same shi a bakin ramin da rufewa ta bari, ɗansa yana gefe. Na ɗauka zan ji kalmar nadama ko guda. Tsoho ya dubi gonaki, ya dubi itatuwa, ya dubi sama, ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani ko, ɗan nan? Duniya tana nan. Alkawari bai tashi ba."

Taubashina ya ce, "Amma dai Baba, ai wannan ba ya nuna cewa..."

Na ce, "Na rantse da Wanda ya halicce mu duka, duk wanda ya ƙara furta kalma ɗaya cikinku, yaran da za ku ba ni ku riƙe abinku." Na ɗauki takalmana a hannu na bi taɓo, ina tafe ina istigfari saboda abin da zuciyata ke raya mini a kansu har na kai bakin titi.

Har yau ina kan abin da aka karantar da ni game da ruwan Annabi Nuhu da gidan Aljanna. Taubashina ya tsufa yana wa'azi, yana kan nasa. In mun haɗu mukan taɓa gardamar, amma sai bayan an ɗauke kwanuka. Abin da na koya shi ne, maganar da malamai suka daɗe suna yi ba su gama ba za ta iya jira har hatsi ya hau tudu, yunwar yaro ce ba ta jira. Na kuma koyi cewa in ka ga tsoho ya ƙanƙame wata kalma ta littafinsa ya ƙi saki, kada ka yi saurin nuna masa iliminka. Ka fara tambayarsa wa ya binne da kalmar nan. Da ɗayanmu ya yi wannan tambayar tun rana tana fitowa, da jikokin kawu ba su ci dusa a daminar nan ba.